Yadda ake auna cibiyar atam ɗin da ba ta kai sakan ɗaya a duniya ba

Ɗan'uwa tambayarka ita ce, tunda akwai cibiyoyin atam da suke rugujewa cikin milisakan kaɗan (milisakan shine sakan ɗaya a raba gida dubu) bayan an ƙirƙire su, ta yaya masana suke bugun ƙirji suce sun san nauyinsu da faɗinsu har da siffarsu, anya ba lissafin kwamfuta bane kawai ake kira awo? Toh awo ne na gaske, amma ba duka lambobin ne ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai wanda zaka iya rantsuwa a kansa, akwai kuma wanda sai an jingina shi da wani nazari kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma wannan bambancin shine abin da nafi so ka fita da shi.

Cibiyar atam dai furoton ne da niyutiron a dunƙule waje ɗaya. Waɗanda basa lalacewa kwata-kwata wajen 250 ne kacal, waɗanda aka taɓa gani a ɗakin gwaji sun haura 3,000, lissafi kuma yana nuna wajen 7,000 ne zasu iya wanzuwa. Baƙin cibiyoyin da kake tambaya a kai sune waɗanda suka yi nisa da daidaito, ko niyutiron yayi musu yawa fiye da kima ko yayi kaɗan. Ɗauki lithiyam, wanda yake cikin batirin wayarka yawancinsa furoton 3 ne da niyutiron 4. Lithiyam-11 kuwa furoton 3 ne da niyutiron 8, rabin ransa, ma'ana lokacin da rabin adadinsa ke ɗauka ya lalace, bai cika milisakan 9 ba, wato in ka samu guda dubu yanzu, kafin ka ƙifta ido sau ɗaya kusan babu ko ɗaya. Shi zan riƙa komawa kansa domin kusan kowace dabara an gwada ta a kansa.

Shi kuma matakin ƙasa da ake cewa, yanayin da cibiya take zaune ne da mafi ƙarancin kuzari, babu abin da ya zuga ta. Ana neman nauyinta a wannan yanayin, da rabin ranta, da faɗinta, da juyinta da ake kira sifin, da ƙarfin maganaɗisunta, da kuma ko zagayayya ce ko ta miƙe ko ta baje. Kar ka ɗauka gane matakin ƙasan ma abu ne mai sauƙi fa, don akwai cibiyoyin da suke maƙalewa a mataki na sama su daɗe a can. Tantalam-180 da ake samu a ƙasa a matakin sama yake, kuma ba a taɓa ganin ya lalace ba, alhali matakin ƙasansa awa 8 ne rabin ransa. Kaga kenan in na'urarka bata iya raba biyun, sai ka auna wani abu ka rubuta sunan wani.

Kafin awo sai an samo abin da za a auna, kuma wallahi rabin wahalar anan take. Hanya ta farko ita ce ta ɗakin gwajin ISOLDE da ke CERN, babban wurin binciken kimiyya na Turai kusa da Janeba, wurin yana aiki tun 1967. Ana harba furoton mai kuzarin GeV 1.4 (GeV da MeV da keV ma'aunan kuzari ne, GeV ɗaya MeV dubu ne, MeV ɗaya kuma keV dubu) cikin wani kauri na abu, galibi yuraniyom da aka haɗa da kabon, an gasa shi ya kai digiri 2,000. Cibiyoyin ciki su farfashe, gutsattsarin su silalo daga cikin zafin, a cire wa kowane ilektiron ɗaya ya zama ayon, a ja shi da wutar bolt dubu 30 zuwa 60, maganaɗisu ya tace su bisa nauyi. Abin da ke fitowa tsaf-tsaf yake, a hankali yake tafiya, daidai abin da mai awo yake so. Matsalar ita ce fitowar tana cin lokaci, kuma ta danganta da halin sinadarin. Sodiyam da lithiyam da zaiba suna fitowa da sauri, amma ƙarafa masu taurin narkewa irinsu tungusten sai su lafe a ciki har su mutu. Mutanen Yubaskula a Finlan sun kauce wa wannan da siririn abin harbi da iskar hiliyam da ke kwaso gutsattsarin kafin su maƙale.

Hanya ta biyu akasin haka ce, babbar cibiya ake gudu da ita a buga ta jikin siririn faranti ta fashe, gutsattsarin suci gaba da gudu a tace su a cikin tafiya. Haka ake yi a GSI da ke Damshitat a Jamus, da RIKEN a Japan inda ake kora yuraniyom ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na gudun haske, da FRIB a Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka wanda ya fara aiki a 2022. Nan babu ruwanka da halin sinadari, kuma cikin ƙasa da maikurosakan ɗaya abin ya iso gabanka. Sai dai ya iso da mugun gudu a warwatse, in kana son awo mai kyau sai ka tsayar da shi cikin iskar gas tukuna, a nan ma kayi asarar wasu.

Toh nauyi. Me yasa aka damu da shi haka? Saboda nauyin cibiya bai kai jimillar nauyin furoton da niyutiron ɗin da ke cikinta ba, gibin shine kuzarin da ya ɗaure su, bisa E = mc² ɗin nan da ka sani. A hiliyam-4 gibin MeV 28 ne, wajen kashi 0.7 cikin 100 na nauyin. In ka san nauyin maƙwabta biyu, ka cire wannan daga wancan, ka san ƙarfin da ya riƙe niyutiron na ƙarshe. A cibiya ta yau da kullum wajen MeV 8 ne. A lithiyam-11 niyutiron biyun ƙarshe a haɗe abin da ya riƙe su keV 369 ne kawai, ko rabin MeV ɗaya bai kai ba. Don ka ga irin wannan ƙaramin bambanci a kan nauyin da ya haura MeV dubu 10, dole awonka yayi kaifi sosai.

Babu sikeli a wannan harka, abin da ake yi shine a mayar da nauyi ya koma ƙidayar zagaye, domin lokaci shine abin da ɗan Adam yafi iya aunawa daidai. Na'urar ana ce mata tarkon Penning. Ka saka ayon cikin maganaɗisu mai ƙarfi, sai ya kama zagaye, ƙaramar wutar lantarki kuma ta hana shi sulalewa ta sama ko ta ƙasa. Yawan zagayensa a sakan ɗaya shine cajinsa sau ƙarfin maganaɗisun, a raba da 2π sau nauyinsa. Mai nauyi a hankali, mara nauyi da sauri. Ayon mai nauyin 100 cikin maganaɗisu mai tesla 6 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) yana zagaye kusan sau miliyan ɗaya a sakan. Shi ƙarfin maganaɗisun ba a yarda da abin da aka rubuta a jikinsa, ana jefa wani ayon da aka san nauyinsa sarai kafin awo da bayan awo, a ɗauki rabon zagayen biyun, kaga maganaɗisun ya fita daga lissafi kenan. In ma an yi amfani da dunƙulen atam na kabon-12 to ya fi, tunda da shi aka kafa ma'aunin nauyin atam ɗin gaba ɗaya. Hans Dehmelt da Wolfgang Paul sun samu kyautar Nobel a 1989 kan dabarun tarkon ayon, kuma ISOLTRAP da ke ISOLDE shine ya fara ɗana wa cibiyoyi masu gajeren rai irin wannan tarko tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Kaifin awon yakan kai kashi ɗaya cikin miliyan 100, kamar ka ɗora tirela mai tan 30 ta gyaɗa a sikeli ka gane an zare ƙwaya ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shine, kaifin ya danganta da tsawon lokacin da ka bar ayon yana zagaye. Zagaye da yawa awo mai kyau, kaɗan kuma awo mai dishi-dishi. Ita kuwa cibiya bata jiranka. Shi yasa da tarkon TITAN da ke ɗakin gwajin TRIUMF a Bankuba ta Kanada ya auna lithiyam-11 a 2008 aka yi ta magana, don a lokacin ba a taɓa kama abu mai gajeren rai haka a tarkon Penning ba. Abin da ya taimake su shine rashin nauyinsa, a maganaɗisunsu mai tesla 3.7 yana zagaye sama da sau miliyan 5 a sakan, ko milisakan kaɗan ka samu ka tara dubban zagaye, sai kayi ta maimaitawa da sabon ayon har lambar ta zauna. Ga masu nauyi kuma akwai dabarar fizge ilektiron da yawa don caji ya ƙaru zagaye ya ƙara sauri. Wajen 2013 aka zo da wata dabarar a SHIPTRAP na GSI, maimakon a nemi daidai inda ayon ke amsa kiɗan rediyo, sai a bar shi yayi zagaye na wani ƙayyadadden lokaci a wurgo shi kan allo a ga a wace kusurwa ya tsaya. Wannan ta ninka kaifin sosai, kuma ita ce yanzu take raba matakin ƙasa da na sama ko da tazararsu 'yar kaɗan ce. A SHIPTRAP ɗin nan ne ma aka auna nauyin nobeliyam, sinadari na 102, kai tsaye a 2010.

Akwai kuma wata na'ura mai sauƙin fahimta, madubai biyu na lantarki suna kallon juna, a saki ayon yayi ta kai da komo tsakaninsu sau ɗaruruwa ko dubbai, cikin milisakan kaɗan yayi tafiyar ɗaruruwan mita a cikin bututun da bai wuce mita ɗaya ba, mara nauyi ya riga mai nauyi isowa. Bata kai tarko kaifi ba amma tana da sauri kuma bata tsoron datti. Da ita aka auna kalsiyam-53 da 54 a ISOLDE a 2013, a lokacin da kuromiyam mai nauyi kusan iri ɗaya ya cika bututun ya rufe su. Sai zoben ajiya, irin ESR na GSI mai kewayen mita 108 da takwaransa na Lanzhou a Sin, inda ayon ke gudu a da'ira ana sauraren wucewarsa, ko guda ɗaya ne tak ana jin sa.

Wani abu da zoben ya bankaɗo wanda har yau yake bani mamaki: reniyam-187 in yana tare da ilektiron ɗinsa rabin ransa wajen shekara biliyan 42 ne, amma da aka tuɓe masa su gaba ɗaya aka saka shi a ESR a 1996 sai ya koma kusan shekara 33. Dalili, ilektiron ɗin da yake fitarwa in zai lalace ya samu gurbi a cikin atam ɗin da kansa ba sai ya nemi kuzarin tserewa waje ba. A cikin taurari masu zafi atam a tuɓe yake, don haka ba wasa bane.

Shi rabin rai a mafi yawan lokuta awonsa baya da wani sirri. A dasa ayon cikin faifan silikon, a rubuta lokacin da ya iso da gurbin da ya faɗa, a jira ilektiron ɗin lalacewa ya fito daga wannan gurbin. Wahalar ita ce ƙarancinsu. Nikel-78 da aka fara aunawa a Mishigan a 2005 guda 11 kacal aka kama, aka ce wajen milisakan 110 amma da kuskure mai faɗi, daga baya RIKEN da suka tara dubbai suka samu wajen 122.

Yanzu faɗi, kuma anan ne nake so ka buɗe kunne, domin faɗi iri biyu ne kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai faɗin caji, wato inda furoton suka bazu, akwai faɗin jiki gaba ɗaya har da niyutiron. Daga tsakiya zuwa gefe ake aunawa, ma'aunin kuma femtomita ne, ka raba milimita ɗaya gida tiriliyan ka ɗauki ɗaya.

Faɗin caji na cibiyoyin da basa lalacewa an daɗe da saninsa, tun aikin Robert Hofstadter a Sitanfod a shekarun 1950, ana harba ilektiron a ga yadda suke karkacewa. Amma wannan yana buƙatar tarin abu a ajiye, ba zaka iya da abin da ke mutuwa cikin milisakan ba. RIKEN sun fara gwada shi da ayon da aka tara a tarko, sakamakon farko ya fito a 2023 kan siziyam-137, wanda shi rabin ransa shekara 30 ne, kaga da sauran tafiya. Don haka leza ake amfani da ita. Ilektiron na atam ɗin, musamman na can ciki, wani lokaci yana ratsa cikin cibiyar, saboda haka in cibiyar ta ɗan kumbura matakin kuzarinsa yana ɗan gocewa, launin hasken da atam ke sha shima ya goce. Sai a auna wannan gocewar tsakanin aisotop da aisotop na sinadari ɗaya, wato cibiyoyin da furoton ɗinsu ɗaya ne amma niyutiron ya bambanta. Dabarar da ta sa abin ya yiwu ita ce a haska leza a kan layi ɗaya da tafiyar ayon ɗin. In ka ja ayon da wutar bolt dubu 30 ko sama, bambancin gudun da ke tsakaninsu yana matsewa sosai, layin hasken da zafi ya baza ya koma siriri. Masu gwajin COLLAPS a ISOLDE tun wajen 1980 suke wannan. Masu gwajin CRIS na can ISOLDE ɗin kuma maimakon su jira ganin haske, leza ce ke fizge ilektiron daga atam ɗin da ya amsa sai a ƙidaya ayon ɗai-ɗai, da haka suka auna tagulla-78 da wajen guda 20 kacal a sakan.

Amma lura, leza bata baka faɗi kai tsaye, bambanci take baka tsakanin wannan aisotop da wancan, sai ka jingina da wani da aka riga aka sani ta hanyar ilektiron. Kuma gocewar kashi biyu ce a haɗe, akwai ta faɗi akwai ta nauyi, don cibiya mai nauyi bata girgiza kamar mara nauyi in ilektiron na zagaye ta. A manyan atam ta faɗi ce ta rinjaya, alhamdulillahi. A lithiyam kuwa ta nauyi ta ninka ta faɗi wajen sau dubu 10, sai an lissafa ta da kaifi na fitar hankali an cire kafin a ga ɗan abin da ya rage. Masu lissafi irinsu Gordon Drake da Zong-Chao Yan ne suka yi wannan aikin, kuma atam mai ilektiron 'yan kaɗan ne kaɗai ake iya yi wa haka. A 2006 aka fitar da faɗin cajin lithiyam-11, wajen femtomita 2.5, alhali na lithiyam-9 wajen 2.2 ne. Awon nauyin TITAN na 2008 ma ya shiga gyaran wannan lambar, tunda lissafin yana buƙatar nauyi daidai.

Zaka ce to furoton 3 ne a duka biyun, me ya kumbura? Hiliyam ya fi nuna amsar a fili. Faɗin cajin hiliyam-4 femtomita 1.68 ne. Na hiliyam-6 da aka auna a ɗakin gwajin Argonne na Amurka a 2004, da atam ɗai-ɗai da aka daskarar cikin tarkon leza, 2.05. Na hiliyam-8 da aka auna a GANIL ta Faransa a 2007 sai ya sauko 1.93, duk da ya fi yawan niyutiron. Bayanin shine a hiliyam-6 niyutiron biyun waje sun fi zama gefe ɗaya, sai su ja ƙwayar tsakiya tayi ta lilo kewaye da tsakiyar nauyi, cajin ya bazu. A hiliyam-8 guda huɗu ne sun kewaye ta ta ko'ina, lilon ya ragu. Ashe da awon furoton ka leƙo zaman niyutiron ba tare da ka taɓa su ba.

Faɗin jiki gaba ɗaya kuwa, nan ne lambar da nace sai an jingina ta. A 1985 Isao Tanihata da abokan aikinsa a Bakili ta Kalifoniya suka riƙa harba aisotop ɗin hiliyam da lithiyam cikin faranti na kabon da beriliyam da alminiyam, suna ƙidaya nawa suka shiga nawa suka fito lafiya. Babba ya fi saurin karo, shi kenan dabarar. Lithiyam-6, 7, 8, 9 duk suna tafiya a hankali yadda ake zato, da aka zo 11 sai lambar tayi tsalle. A 1987 Gregers Hansen da Björn Jonson suka bayyana shi da cewa ƙwayar lithiyam-9 ce a tsakiya, niyutiron biyu kuma da ba a riƙe su da ƙarfi ba suna yawo can nesa kamar hazo kewaye da ita, nesan da ya kai kusan faɗin cibiyar dalma-208. Abin ban sha'awa ma lithiyam-10 baya tsayuwa, niyutiron biyu su kaɗai basa tsayuwa, amma ukun a haɗe sun tsaya. Gano wannan gaskiya ne babu tantama. Amma ita lambar faɗin, sai ka ɗauki yawan karon ka bi da shi ta nazarin Glauber, wani lissafi na yadda cibiyoyi ke karo da juna, ka kuma yi zaton yadda jikin ya bazu. Lissafin farko ya bada wajen femtomita 3.1 zuwa 3.3. A 1996 Jim Al-Khalili da Jeff Tostevin suka sake lissafi da awon nan dai, amma suka ɗauki cibiyar a matsayin abu uku masu motsi da juna, sai ta koma wajen 3.5. Awo bai canza ba, zato ne ya canza. Shi yasa in naga faɗin jiki a takarda nake fara neman da wane nazari aka fitar da shi kafin in kalli lambar. Auna niyutiron tsantsa ba tare da wannan jinginar ba abu ne mai tsada, an yi shi a Jefferson Lab na Amurka kan dalma-208 da kalsiyam-48, duka biyun masu zaman lafiya ne, ga baƙin cibiyoyi babu shi tukuna.

Ita leza ɗin nan dai tana bada kyauta. In ka duba layin hasken da kyau zaka ga ba ɗaya bane, ya rarrabu gida-gida saboda maganaɗisun cibiya yana taɓa na ilektiron. Yawan rabe-raben da tazararsu su ke faɗa maka sifin, da ƙarfin maganaɗisu, da ko cibiyar ta miƙe ko ta baje. Waɗannan ina yarda da su sosai, musamman sifin, don shi lamba ce tsayayya, ko 1/2 ne ko 3/2, babu tsaka-tsaki, in dai layukan sun rabu da kyau.

Me aka tsinta da duk wannan wahalar? Tun 1949 Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen suka bayyana dalilin da yasa cibiya mai furoton ko niyutiron 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko niyutiron 126 take da ƙarfi na daban, aka basu Nobel a 1963, aka saka a littafi kamar dutse. A 1975 Catherine Thibault da tawagarta suka auna nauyin sodiyam-31 da 32 a CERN suka ga an ɗaure su fiye da yadda ya kamata, a daidai niyutiron 20 inda ake zaton komai a rufe yake a zagaye. Ashe a can 20 ta daina aiki, cibiyoyin sun miƙe. A 2005 aka auna sifin na magniziyam-31 a COLLAPS aka samu 1/2, wanda lissafin da aka saba bai hango ba. Awon kalsiyam ɗin 2013 kuma ya ƙarfafa cewa 32 sabuwar lamba ce mai ƙarfi a wannan yankin. Sai kuma a 2016 leza ta nuna faɗin cajin kalsiyam-52, mai niyutiron 32 ɗin nan, ya fi duk abin da aka yi hasashe, alhali kalsiyam-40 da 48 faɗin cajinsu kusan ɗaya ne, wajen 3.48, duk da niyutiron 8 da ke tsakaninsu. Nauyi yace an rufe, faɗi yace to ni ban gani ba, kuma masu nazari har yanzu suna kokawa da haɗa biyun. Wannan ne yasa ba a tsayawa kan awo ɗaya.

Zaiba ma tana da nata labarin. A 1972 Ernst Otten da mutanensa, cikinsu har da Jürgen Kluge wanda daga baya ya kafa ISOLTRAP, suka ga faɗin zaiba-185 yayi tsalle ba zato. Da aka bi sauran sai aka ga 181, 183, 185 a kumbure suke a miƙe, 182, 184, 186 kuma kusan zagayayyu, niyutiron ɗaya tak yana juya siffar cibiya gaba ɗaya. Sai a 2018 aka iya sauka har 177 aka ga daga ƙasan 181 rawar ta tsaya.

Akwai kuma maganar inda zinare da yuraniyom suka fito. Kusan rabin sinadaran da suka fi baƙin ƙarfe nauyi ana ƙera su ne in cibiyoyi suna haɗiyar niyutiron da sauri fiye da yadda suke lalacewa, irin abin da aka ga alamarsa a karon taurarin niyutiron biyu na watan Agusta 2017. Hanyar tana bi ne ta cibiyoyi masu tsananin yawan niyutiron waɗanda da yawansu ba a taɓa ƙirƙira ba, kuma ƙarfin riƙon niyutiron yana shiga lissafin ne ta yadda ɗan ƙaramin canji ke ninkuwa sosai, don haka kuskuren keV ɗari kaɗan a nauyi yana iya sauya sakamako sosai. Ko iyakar inda cibiya ke daina karɓar niyutiron ma an tabbatar da ita ne kawai har zuwa sinadari na 10, oksijin ya tsaya a 24, fulorin a 31, niyon a 34, waɗannan biyun ƙarshen RIKEN ce ta tabbatar a 2019.

In zaka duba lambobin da kanka, akwai babban jadawalin nauyi da ake kira AME, na baya-bayan nan da na sani shine AME2020, kyauta yake a intanet. Cibiyoyin da aka auna nauyinsu na gaske wajen 2,500 ne, waɗanda aka san faɗin cajinsu kuwa wajen 1,000 ne. Dan Allah ka kula da alamar # a jikin lamba. Duk inda ka gan ta to ba awo bane, masu jadawalin ne suka bi yanayin maƙwabta suka ƙiyasta, kuma ɗalibai da yawa suna kwafe ta su saka a aikinsu suna gwada nazari da ita kamar an auna. Wannan kam zarginka na farko ya hau kanta daidai. Sauran kuma ka duba lambar kuskure da ke gefe, in keV ɗaya ne ko ƙasa to kusan ko yaushe daga tarko ta fito ko wani awo mai kaifi irinsa, in ɗaruruwa ne to awon gudu ne ko tsohon awon lalacewa, kuma irin waɗannan sun sha gocewa fiye da kuskuren da aka rubuta musu idan aka zo aka saka su a tarko.